Tsakanin Mai Jifa da Mai Kulki: Dokokin Arangama a Wasan Besbol

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, a garin North Port da ke jihar Florida ta Amurka, wasan share fage tsakanin ƙungiyar Atlanta Braves da Boston Red Sox ya zo gangara. Kowane ɓangare na da maki shida, ana zagaye na tara wanda shi ne na ƙarshe, 'yan Braves uku kuma sun cika zanguna uku suna jiran a buɗe musu hanya su kawo maki gida. Jifa ɗaya ya rage a san inda wasan ya dosa. Wani matashi mai suna Cal Conley ne riƙe da kulki. Tun ba a saki ƙwallon ba sai alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Conley ya ɗauka mai jifa ne ya yi laifi, har ya kama hanyar zangon farko, ashe shi aka kama. Agogon filin ya sauko daƙiƙa 8 bai ɗago kai ya fuskanci mai jifa ba, sabuwar doka kuwa ta ce a rubuta masa wannan tamkar ya kai duka ya rasa. A nan wasa ya tashi shida da shida, ba a jefa ba, ba a buga ba.

Wanda bai saba da besbol ba zai tambaya, wannan wane irin wasa ne da mutum zai faɗi don bai ɗaga kai ba? A Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, miliyoyin mutane na bin sa kamar yadda ake bin ƙwallon ƙafa a nan, kuma yana cikin wasannin da aka fafata a gasar ƙasashen Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum tara. Ɗaya na tsaron fili, ɗayar na turo mutanenta ɗaya bayan ɗaya su bugi ƙwallo da kulki, su ruga su zagaye zanguna uku su dawo gida. Duk wanda ya dawo lafiya ya ci maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku sai a yi musaya. Amma duk wannan guje-gujen ba ya farawa sai an warware wata arangama tsakanin mutum biyu, mai jifa da mai kulki. Ta yi kama da bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai dai a besbol ana maimaita ta sau saba'in ko fiye a wasa guda.

Mai jifa na tsaye ne a kan ɗan tudu mai tsawon inci 10, ƙafarsa a jikin wata farar roba. Daga wannan roba zuwa faifan gida, wato farar roba mai kusurwa biyar da mai kulki ke tsayawa a gefenta, ƙafa 60 ne da inci 6, kimanin mita 18 da rabi. Tun 1893 aka tsayar da wannan tazara. Gwanayen jifa kan saki ƙwallo da gudun kilomita 150 a awa ko fiye. Aroldis Chapman, ɗan asalin Kuba, ya taɓa kai ta kusan kilomita 170 a 2010. Ƙasa da rabin daƙiƙa ke nan mai kulki yake da shi ya gane irin jifan, ya yanke shawara, ya kai duka. Ƙwallon kuma tauri gare ta kamar ɗanyen mangwaro. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin da ya sa dokokin wurin suka yi yawa.

A saman faifan gida akwai wata taga da ido ba ya gani. Faɗinta faɗin faifan ne, inci 17. Tsayinta ya tashi daga ƙasan ƙoƙon gwiwar mai kulki zuwa tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗarsa da bakin wandonsa. Jifan da ya ratsa tagar ba a buga ba, ko wanda aka kai wa duka aka rasa, shi ake kira sitiraik, kuma a kan mai kulki ake rubuta shi. Uku suka taru, ya fita. Jifan da ya bauɗe wa tagar, mai kulki kuma ya ƙyale shi, shi ne bol, a kan mai jifa ake rubuta shi. Huɗu suka taru, mai kulki ya tafi zangon farko kyauta. A da adadin ya fi haka yawa, aka riƙa rage shi har ya tsaya a huɗu a 1889. Idan an bugi ƙwallon ta fita ta gefen layi, ana ƙirga ta sitiraik har zuwa na biyu, daga nan kuma ko sau goma ta fita ba ta ƙara komai. Mai kulki mai taurin kai kan yi amfani da wannan ya gajiyar da mai jifa. Sai dai wanda ya tara kulkin kawai don ƙwallon ta gangara kusa, ba tare da ya kai duka ba, idan ta fita gefe a karo na uku ya fita.

Tunda tagar da jikin mai kulki ake auna ta, dole wata rana a samu wanda zai nemi ya ci riba da hakan. A ranar 19 ga Agustan 1951 Bill Veeck, mai ƙungiyar St. Louis Browns, ya turo Eddie Gaedel, wada mai tsawon ƙafa 3 da inci 7, ya riƙe kulki. Bob Cain na Detroit Tigers ya yi jifa huɗu, duk suka wuce ta saman tagar, Gaedel ya taka zuwa zangon farko. Shugaban gasar ya soke kwantiraginsa nan da nan, kuma ya yi daidai, domin an mayar da halittar bawan Allah abin kallo ne don a tara 'yan kallo.

Sitiraik na uku ma ba ya cika sai mai cafewa, wanda ke tsugune a bayan faifan, ya riƙe ƙwallon. Idan ta kuɓuce masa alhali babu kowa a zangon farko, ko kuwa an riga an fitar da mutum biyu, mai kulki na da damar ya ruga. Magoya bayan Brooklyn Dodgers sun daɗe suna jin zafin wannan doka. A wasa na huɗu na gasar World Series ta 1941 suna gaba da ci 4 da 3, saura mutum ɗaya su gama da New York Yankees. Tommy Henrich ya kai duka na uku ya rasa, ƙwallon ta suɓuce wa Mickey Owen, Henrich ya isa zango. Yankees suka ci maki huɗu a wannan zagaye, wasa ya tashi 7 da 4.

Mai kulki na da gurbinsa da aka shata da farin alli a kowane gefe na faifan, faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 6. Ya bugi ƙwallo alhali ƙafarsa ɗaya na waje ɗungurungum, ya fita. Ya tsallaka daga gurbin dama zuwa na hagu bayan mai jifa ya shirya, ya fita. Ya tare mai cafewa da gangan lokacin da yake son jefa ƙwallo ya kama mai gudu, nan ma ya fita. Idan kuwa safar hannun mai cafewa ce ta taɓa kulkin yayin duka, mai kulki ne ke samun zangon farko.

Batun dama da hagu ba ƙarami ba ne, domin mai kulki ya fi ganin ƙwallon idan ta fito daga hannun da ke kishiyar gefen da ya tsaya. Shi ya sa wasu ke koyon duka ta kowane gefe. A watan Yunin 2008, a wata ƙaramar gasa a New York, irin wannan ɗan wasa mai suna Ralph Henriquez ya gamu da gamonsa, wato Pat Venditte, wanda ke jifa da hannu biyu kuma safarsa na shiga kowane hannu. Henriquez ya koma dama, Venditte ya sauya hannu. Ya koma hagu, ya sake sauyawa. Aka ɗauki mintuna ana wannan jeka-ka-dawo, littafin doka kuma bai ce komai ba. Bayan haka aka rubuta cewa mai jifa ne zai fara nuna hannun da zai yi aiki da shi, sannan mai kulki ya zaɓi gefe.

Shi kansa kulkin doka ta ce ya zama itace guda, tsawonsa kada ya wuce inci 42. An yarda a shafa masa danƙon itacen fayin a mariƙa don kada ya zame, amma kada danƙon ya haura inci 18. Wannan 'yar ƙa'ida ce ta haifar da rigimar da Amurkawa ba su manta ba. Ranar 24 ga Yulin 1983, a filin Yankees, Kansas City Royals na baya da ci 4 da 3, saura mutum ɗaya su sha kashi. George Brett ya ɗauke jifan Goose Gossage ya tsallakar da ƙwallon bayan katanga, maki biyu suka shiga. Kocin Yankees, Billy Martin, ya fito ya ce a duba kulkin. Alƙali Tim McClelland ya kwantar da shi a kan faifan gida ya auna, ya ga danƙon ya zarce, ya ce Brett ya fita, wasa ya ƙare. Brett ya fito da gudu idonsa a rufe, sai da mutane suka rirriƙe shi. Royals suka ɗaukaka ƙara, shugaban gasar Lee MacPhail ya ba su gaskiya, bisa hujjar cewa an kafa dokar ne don kada danƙo ya riƙa ɓata ƙwallo, ba don yana ƙara wa duka nisa ba. Aka dawo ranar 18 ga Agusta aka ƙarasa wasan, Royals suka ci 5 da 4. Yau idan an ga irin wannan kulki cire shi kawai ake yi, abin da aka riga aka buga da shi yana nan. MacPhail ya duba abin da doka ke nufi, bai tsaya ga haruffanta ba, hukuncinsa kuwa ya fi na cikin fili adalci.

Dokokin da ke kan mai jifa sun fi nauyi, kuma akwai jini a tarihinsu. Ranar 16 ga Agustan 1920, a filin Polo Grounds na New York, Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland ya tsaya gaban Carl Mays na Yankees, wanda ke sakin ƙwallo daga ƙasa-ƙasa. A wancan zamani ƙwallo ɗaya kan daɗe ana wasa da ita, masu jifa na shafa mata ƙasa da yawun taba har ta yi duhu, babu kuma mai sa hular kwano. Jifan ya sami Chapman a gefen kai. Ƙarar ta yi ƙarfin da Mays ya zaci kulki ta daka, ya ɗauki ƙwallon ya jefa zangon farko. Chapman ya rasu da asubahin washegari yana da shekara 29. Har yau shi kaɗai ne ɗan babbar gasar Amurka da jifa ya yi ajalinsa.

Daga nan aka matsa wa alƙalai su riƙa sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. Dama a farkon wannan shekara an fara hana shafa wa ƙwallo yawu, wanda ke sa ta zame daga yatsu ta nutse ba zato. Aka bar wa mutum 17 da suka dogara da shi damar ci gaba har su yi ritaya, na ƙarshensu Burleigh Grimes ya ajiye a 1934. Abin takaici, hular kwano ba ta zama dole a duk gasar ba sai 1971, shekara hamsin da ɗaya bayan mutuwar Chapman. Jinkirin nan ba shi da wani uzuri.

Yanzu duk wanda jifa ya sama a jiki zai tafi zangon farko, idan kuma alƙali ya ga da gangan aka auna shi, yana iya korar mai jifa nan take, har da kocinsa. Sharaɗin dai shi ne mai kulki ya yi ƙoƙarin kaucewa. Alƙalai ba su cika aiki da wannan sharaɗi ba, shi ya sa ake tuna daren 31 ga Mayun 1968. Don Drysdale na Los Angeles Dodgers na tsakiyar jera wasanni ba a ci shi ko maki ɗaya ba, a zagaye na tara zanguna sun cika, sai jifansa ya taɓa Dick Dietz na San Francisco Giants. Da an ba Dietz zango, da maki ya shiga dole. Alƙali Harry Wendelstedt ya ce Dietz bai motsa don ya kauce ba, ya dawo da shi gurbi. Drysdale ya fitar da shi, ya ci gaba har ya haura zagaye 58 ba a ci shi ba.

A nan ne ruhin dokokin ya fito fili. Aikin mai jifa yaudara ne, kuma an halasta masa ita. Yana iya juya ƙwallo ta lanƙwasa, ya sa ta nutse, ya yi kamar zai saki mai gudu ya saki mai sanyi. Duk abin da yatsunsa da wuyan hannunsa za su iya, nasa ne. Abin da aka haramta shi ne ya nemo taimako daga waje. An yarda da ƙullin garin ƙaro da ake ajiyewa a bayan tudu don busar da gumi, kuma kafin kowane wasa ana goge sababbin ƙwallaye da wata laka da ake ɗebowa a jihar New Jersey don rage musu santsi. Bayan wannan babu. A 1987 alƙalai sun sa Joe Niekro ya zazzage aljihunsa, sai ga abin gogar farce ya faɗo, aka dakatar da shi. A 2014 an kama Michael Pineda na Yankees da danƙo a wuya, ya sha dakatarwar wasa 10. Duk da haka shekara da shekaru an kawar da kai, har manyan masu jifa suka koma amfani da wani irin danƙo mai ƙarfi da ke ƙara wa ƙwallo juyi, masu kulki suka rasa ta yi. Sai a ranar 21 ga Yunin 2021 aka fara binciken hannu da safa da hula a kowane wasa. Kwana shida bayan haka aka kori Héctor Santiago na Seattle, a 2023 kuma hukuncin ya hau kan Max Scherzer, ɗaya daga cikin manyan gwanayen zamaninsa.

Akwai kuma yaudarar jiki, wadda ake kira bok. Idan akwai mai gudu a zango, mai jifa ba shi da ikon fara motsin jifa ya fasa, ko ya yi kamar zai jefa zangon farko bai jefa ba, ko ya saki ƙwallo bai tsaya cik ba bayan ya haɗa hannuwansa. Ya yi ɗaya daga ciki, kowane mai gudu ya ƙara zango ɗaya. Manufar mai kyau ce, domin mai gudu da motsin mai jifa yake karanta lokacin tashi. Matsalar ita ce ko tsofaffin 'yan wasa kan kasa ganin laifin da idonsu. A 1988, da aka tsananta batun tsayawa cik, an hukunta Dave Stewart na Oakland sau 16 a kaka ɗaya. Ranar 27 ga Satumban 2022 kuwa Richard Bleier na Miami Marlins, wanda ba a taɓa kama shi da wannan laifi ba a babbar gasa, an kama shi sau uku yana fuskantar mutum ɗaya, Pete Alonso na New York Mets. Abokin wasan Alonso, Jeff McNeil, ya tashi daga zangon farko har gida ba tare da an bugi ƙwallo ba. Dokar da ɗan kallo ba ya iya gane an karya ta tana bukatar a sake rubuta ta da harshe mai sauƙi.

Sai agogo, wanda ya kama Conley. Tun da daɗewa akwai dokar da ta ce mai jifa ya saki ƙwallo cikin daƙiƙa 12 idan babu mai gudu, amma kusan babu alƙalin da ke aiki da ita. Masu kulki su ma suka mayar da fita daga gurbi al'ada, a gyara safa, a gyara hula, a buga takalmi; Mike Hargrove ya yi suna a kan haka har aka yi masa laƙabi da ruwan saman da ke tsayar da wasa. Zuwa 2022 matsakaicin wasa ya kai awa 3 da minti 4. Daga 2023 aka ba mai jifa daƙiƙa 15 idan zanguna babu kowa, 20 idan akwai mai gudu, aka rage ta zuwa 18 a 2024. Ya makara, an rubuta masa bol. Mai kulki ya kasance a shirye saura daƙiƙa 8, kuma sau ɗaya kawai zai nemi a dakata masa. Mai jifa ma sau biyu zai iya sauka daga roba ko ya jefa zango don tsorata mai gudu. A na uku idan bai kama shi ba, bok ne. A shekarar farko wasa ya sauko zuwa awa 2 da minti 40, satar zango kuma, wato mai gudu ya ruga zango na gaba ba tare da jiran a bugi ƙwallo ba, ta tashi daga 2,486 zuwa 3,503, ko da yake ƙara girman zangunan da aka yi ya taimaka. Wasu masu jifa sun koka cewa saurin na gajiyar da hannu, kukansu kuma ya cancanci a saurare shi. Amma minti ashirin da huɗun da aka zabtare ba wasa ake yi a cikinsu ba, tsayuwa ce kawai, kuma mai kallo ya ci riba.

Abin da ya daɗe ba a taɓa ba shi ne ikon alƙali a kan tagar. Doka ta hana ɗan wasa ko koci ya bar wurinsa ya zo jayayya a kan sitiraik da bol. Wanda ya nace, kora ce. Na'urar ɗaukar hoto kuwa ta daɗe tana nuna wa masu kallo a gida cewa alƙalai na kuskure. Gasar Koriya ta Kudu ta miƙa wa na'ura hukuncin gaba ɗaya tun 2024. Amurka ta zaɓi tsaka-tsaki: daga kakar 2026 alƙali ne ke yanke hukunci, amma kowace ƙungiya na da damar ƙalubale sau biyu, idan ta yi gaskiya damarta ba ta raguwa. Mutum uku kaɗai ke da wannan iko, mai jifa da mai cafewa da mai kulki, kuma nan take za su yi, ba tare da sun waiwayi benci ba. Mai karatu da ya ci karo da wasan a talabijin, idan ya ga mai kulki ya dafa hular kwanonsa bayan alƙali ya yi magana, to ƙara ya ɗaukaka, kuma cikin 'yan daƙiƙu allon filin zai nuna wa kowa inda ƙwallon ta bi.